Keken da Na Rataye Mako Shida

Abin da na yi wanda nake so a ce ban yi ba, ƙarami ne a ido. Aminina ya kawo mini kekensa gyara, na rataye shi a bangon shagona mako shida, kullum ya zo sai in ce masa boris bai iso ba. Boris shi ne 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ke cikin ƙafar keke, masu sa ta juya babu gargada. Yana nan cike da gwangwanin madara a ƙarƙashin bencin da aminin nawa yake zama yana tambayata. Ban zage shi ba, ban ci masa komai ba. Amma a dalilin ƙaryar nan yau kabarinsa yana Kura, na matarsa yana Makka, alhali ya yi shekara talatin da ɗoriya a garin nan ba don komai ba sai don a binne shi a cikinsa.

Ni mai gyaran keke ne a Hindawiyya, wata unguwa a Makka. Karatuna bai wuce allo da aji huɗu na firamare ba, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sifana.

Shekara ɗaya muka zo aikin Hajji ni da shi, amma ba mu san juna ba a lokacin. Da alhazai suka fara ɗaure kaya za su koma gida, kowannenmu ya yi kamar ba da shi ake ba. A bakin shagon da nake koyon aiki muka haɗu, ya kawo faci. Shi mutumin Kura ne, ni kuma daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Tun daga ranar bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bazazzage, ni ma ban taɓa ce masa komai ba sai Bakano. Akwai maƙwabtanmu da suka mutu ba su san sunayenmu na yanka ba.

Makka ba garin keke ba ne. Inda babu hawa akwai gangara, inda babu gangara an huda dutse an zura titi a ciki, motoci suna gudu kamar an biyo su. 'Ya'yan garin sekal suke ce wa keke, kuma a wurinsu abin wasan yara ne, ko abin hawan mai kai burodi. Babban mutum mai furfura a kan keke, in sun gan shi sai su ɗauka wata jarrabawa ce ta same shi.

Sana'ar Bakano sayar da kayan miya. Matan unguwarmu masu tuƙa tuwo a wurinsa suke samun ɗanyar kuɓewa da lalo da yakuwa. Akwai babbar kasuwar kayan gwari a cikin gari inda zai iya saro duk wannan ba tare da ya yi gumi ba. Amma duk ranar Juma'a, da an sallame sallar asuba, sai ya ɗaura buhu da 'yar fartanya a kariyar kekensa ya nufi wadi, wato kwarin gonakin da ke wajen Jumum. Ya ce kuɓewar can ta fi yauƙi. Na bi shi sau ɗaya don in ga kuɓewar, sai na yi shekara ashirin ina binsa.

Mukan fita ta Tan'im, mu wuce masallacin da masu umara suke ɗaura harami, mu ɗan bi gefen babban titin Madina, sannan mu saki titin mu faɗa wata tsohuwar kwalta da aka manta da ita tun da aka yi sabuwa. Daga nan duwatsu sukan ja da baya, ƙasa ta miƙe shimfiɗe. Babu hawa, babu gangara. Babu mota sai tankar ruwa guda ɗaya da muke haɗuwa da ita kusan a wuri ɗaya kowane mako, direban ya ɗaga mana yatsa biyu. Sai garken raƙuma a hagu, da wata tsohuwar taya da aka kafa a ƙasa wadda ba mu taɓa sanin alamar mece ce ba. Ba ka jin komai sai kukan cen ɗin keke da numfashin Bakano. Ba ma hira a hanya. Ya ce wanda ke magana a kan keke bai san abin da ya hau ba.

Tafiyar wajen awa biyu ce, ta ƙare a gonar wani tsohon Balarabe. Yana da rijiya mai inji, ruwan yana zuba cikin wata 'yar magudana ta siminti da faɗinta bai fi taku ɗaya ba. Takan bi gindin dabino, ta ratsa fangalin lalo da kuɓewa, ta ƙare a wasu rumfunan inabi guda uku da mai gonar ya kawo irinsu daga Ɗa'ifa. Bakano kanal yake ce mata, irin sunan da suke kiran manyan hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa, inda ya yi noman tumatir da alkama kafin ya zo.

Ranar farko na ce masa, "Bakano, wannan ai kwata ce."

Ya ce, "Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ake ba wa umarni ba, me ka sani? Ku a Zazzau sai dai ku daga kai sama ku buɗe baki."

Sai ya naɗe wando, ya kwance fartanya, ya shiga yashe yashi da ciyawar da suka taru a cikinta tun daga bakin rijiya har rumfar inabi. Mai gonar bai sa shi ba. Ya dai tsaya yana kallo, da aka gama ya kawo shayi da dabino. Haka abin ya zauna. Kowace Juma'a Bakano ya yashe kanal, ni in zauna a inuwa in ba da shawara, mu yi sallah a ƙaramin masallacin ƙauyen, mu jira rana ta yi sanyi, mu ɗauro kuɓewa mu dawo.

Inabin kuwa gaskiya ba shi da daɗi. Ƙanana ne, ga tsami, wurin ya yi masa zafi. Amma duk shekara nonon farko da ya nuna mai gonar ba ya barin kowa ya taɓa, na Bakano ne. Yakan ci yana runtse ido ɗaya yana cewa, "Zuma."

Abu biyu suka faru daga baya. Na farko, a wani lokaci da aka buɗe ƙofar gyaran takardu, mai shagon da nake aiki a ciki, ɗan ƙasa ne jikan Hausawa, ya tsaya mini na samu iƙama, wato takardar zama. Bakano bai samu mai tsaya masa ba, kuma da na matsa masa ya nema sai ya ce layin ya yi tsawo, kuɓewarsa za ta yi ƙaushi. Na lura da wani abu a kaina. Shekarun da ba ni da takarda, barcina nake yi har da minshari. Daga ranar da na sa ta a aljihu na fara jin tsoro a madadin duk wanda ba shi da ita. Gwiwata ma ta fara ciwo, na daina bin sa wadi, yana tafiya shi kaɗai.

Na biyu, matarsa ta rasu. Aka yi mata sallah a Harami, muka kai ta maƙabartar Shara'i. Muna fitowa ya tsaya yana kakkaɓe hannu, ya ce, "Saura ni, Bazazzage. Ba sai kusa da ita ba, nan ba a zaɓen wuri. Gari ɗaya dai."

Na riƙe maganar nan fiye da yadda ya ce in riƙe.

A shekarun da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, lokacinsa ya zo daidai da nunar inabi. Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki Bakano ya turo kekensa shago, ƙafar baya tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na kwance na duba. Boris ne ya cinye. Aikin da zan gama kafin shayi ya huce.

To, a watannin nan ake tsananta duba takardu a hanyoyin shigowa gari, kowa ya sani. A makon ma an tafi da mutum biyu daga layinmu. Ina riƙe da ƙafar keken nan sai na yi lissafi irin na mai wayo. Na ce mutumin nan ya haura saba'in. In aka tare shi a waje, jirgi za a sa shi, kuma wanda aka mayar ba ya dawowa. In ya zauna a Hindawiyya wata biyu, alhazai suka watse, shi ke nan. In na gaya masa haka ba zai ji ba, Bakano ne. Amma in babu keke, babu wadi. Har na ji daɗin kaina, na ga kamar lada nake tarawa.

Na ce, "Irin boris ɗin nan babu shi a Makka. Sai an aiko daga Jidda."

Ya ce, "Keken da yara ke hawa a kowane lungu?"

Na ce, "Naka tsohon yayi ne, kamar mai shi."

Ya yi dariya ya tafi. Na rataye keken a ƙusa, ƙafar baya daban, na jingine fartanyar a kusurwa.

Mako ya zagayo ya dawo, ya zauna a benci.

"Bazazzage, boris fa?"

"Na Jidda ya ƙare. Yana cikin kwantena."

"Kwantenar tana ina?"

"A teku."

"Wane tekun?"

"Ba a faɗa mini ba."

Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya kawo ta lafiya. Ta fi mu shan wahala."

A mako na uku ya ce in ara masa ɗaya daga kekunan da ke jingine a shagon, rana ɗaya tak. Na ce na mutane ne, amana ce. Na yi masa bayani mai tsawo a kan amana, har da abin da na tuna daga makarantar allo. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

Wani zai ce me ya hana shi ɗaukar kekensa ya kai wa wani. Akwai masu gyara biyu a bayan layinmu. Amma a wurinmu, mutum ya cire kayansa daga hannun amininsa na shekara talatin ya kai wa bare, ai ya yi shelar faɗa ke nan, gobe duk unguwa za ta tambayi abin da ya haɗa mu. Na san ba zai yi ba. Da wannan kunyar tasa na ɗaure shi, ba da ƙusa ba.

A mako na huɗu yana zaune yana kaɗa ƙafa, sai diddigensa ya bugi gwangwanin madarar. Abin ciki ya yi ƙara.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙusoshi."

Ya sake taɓa shi da ƙafa a hankali, ya kasa kunne. Ya ce, "Ƙusoshin Zazzau har mirginawa suke yi." Bai leƙa ba. Ya ɗaga kai ya dubi kekensa a bango, ya ce, "Wata guda ba a yashe kanal ba. Tsohon nan bayansa ba ya lanƙwasuwa. In ruwa bai kai rumfa ba a zafin nan, inabin zubewa zai yi."

Na ce, "Inabin da ko tsuntsu ba ya ci."

Ya ce, "Shi ya sa nake tausayinsa."

Juma'a ta shida, bayan la'asar, wata tasi ta tsaya a ƙofar shago. Direban Bahaushe ne, na san shi da gani a tashar unguwa. Ya fito da ƙaramin kwali ya ajiye a kan bencin, ya tsaya yana juya makulli a hannu. Ya ce shi ya kai Bakano wadi da safe, ya jira shi. Ya ce tsohon ya ari fartanya a can ya yi aiki har azahar. Fita ba a tambayar kowa, shigowa ake tambaya. Mota kuma ba ta bin tsohuwar kwalta, ƙarshenta ya lalace, sai babban titi. A shingen binciken da ke kan titin aka ce kowa ya nuna takarda. Bakano bai yi gardama ba, jami'an ma ba su ɗaga masa murya ba. Ya miƙa wa direban kwalin da ke cinyarsa kafin ya sauka.

"Ya ce in kawo wa Bazazzage mai gyaran keke. Ya ce in gaya maka, in boris ya iso ka ajiye masa."

Na buɗe kwalin. Nonon inabi ne guda ɗaya, a naɗe cikin ganyen lalo.

Shekara talatin yana bin tsohuwar kwaltar nan a kan keke, har da watannin Hajji, ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Ban ce da ya hau keke ranar ba za a tare shi ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne ni na sauke shi daga hanyar da ya sani na ɗora shi a kan wadda ake tsaro. Garin gyaran gira na tsone ido.

Washegari da safe na sauko da keken, na jawo gwangwanin, na zuba boris, na shafa giris, na ɗaura ƙafa. Shayin da na zuba kafin in fara, da zafinsa na sha. Na mayar da keken ƙusa.

Yana da 'ya ɗaya, tana aure a unguwar Rusaifa, haifaffiyar nan ce, Hausarta rabi Larabci. Ita da mijinta suka yi ta zirga-zirga gidan tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a mayar gida. Ba abin da ya yiwu. Ta zo shago karɓar carbinsa da ya manta, ta ga keken a bango da ƙafafunsa biyu. Ta ce, "Ya ammi, sekal ɗin ai lafiyarsa ƙalau. Lesh, me ya sa bai hau ba?" Na ce kwanan nan na gyara. Gaskiya ce, amma irin gaskiyar da ƙarya take goyo a baya. Fartanyar kuwa ta ce in bar ta a nan, ba ta san abin da za ta yi da ita ba.

Bayan wata guda wayata ta yi ƙara, lambar Najeriya.

"Bazazzage, kwantena ta iso?"

Na zauna a kan bencin. Na gaya masa komai, tun daga lissafin da na yi har gwangwanin madara. Ya bari na gama.

Ya ce, "Na sani. Tun ranar da na shure shi."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ina jira in ga tekun da za ka kai ta." Ya yi tari. "Ai na san don ni ka yi. Da maƙiyi ne, da na sauke kekena na tafi. Amma Bazazzage, kabarin nan nawa ne ko naka?"

Na ce, "Naka ne."

Ya ce, "To da ka ce mini, Bakano, ina jin tsoro, kada ka je. Wataƙila in zauna, wataƙila in tafi. Ko wanne ne, da ni na zaɓa. Sai ka mayar da ni akuya, ka ɗaure ni don kada kura ta ci ni, ka manta akuyar tana da kuɗin tasi."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, amma da sharaɗi. Tunda na hana shi yashe kanal, sai in je in yashe. Na ce gwiwata. Ya ce gwiwar da ta iya ɗaukar ƙarya mako shida za ta iya feda.

Damina biyu ya yi a Kura. Wani ɗan ƙaninsa ya ba shi keke, yakan bi gefen kanal na gaske da safe, ya kira ni ya ba ni rahoto. Ya ce ruwan ya yi yawa, ba ya bukatar kowa. Ya ce yaran garin Alhajin Makka suke ce masa, suna tambayarsa tsaraba. Sau ɗaya kawai ya yi maganar matarsa, ya ce in na je Shara'i rakiyar gawa in yi sallama da ƙarfi, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Zazzaɓin kwana uku ya yi, ya cika. 'Yarsa ce ta kira ta gaya mini.

Wani malami a masallacinmu ya ce mini in daina damun kaina, ƙasar da aka rubuta wa mutum ita za ta kira shi ko yana ina. Na yarda da haka. Amma ban ji inda aka ce ƙaddara tana wanke wanda ya yi ƙarya ba.

Ina zuwa wadi yanzu, ba kowace Juma'a ba, sai gwiwa ta yarda. Kekensa nake hawa, ƙafar baya ba ta ƙara ko kaɗan. Tafiyar awa biyu ta koma uku. Iƙamata tana aljihun gaba, a cikin leda saboda gumi, har yau ba wanda ya ce in nuna ta a hanyar nan. Direban tankar ya canja, sabon ba ya ɗaga hannu. Ranar da na fara zuwa mai gonar ya tambaye ni ina abokina, na ce ya yi tafiya. Ya dubi fartanyar, ya dubi yadda na riƙe ta, ya koma ya ɗora shayi. Ban iya yashewa kamar Bakano ba, nakan bar yashi a kwana, ruwa ya tsaya yana tunani. Rumfa ɗaya cikin ukun ta bushe tun shekarar. Biyun suna yi. Nonon farko yanzu ni ake ba, kuma tsaminsa yana nan.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan guda ɗaya ne. In kana da tsoho, ko amini, ko uba, kana jin tsoron hanyar da yake bi, ka zaunar da shi ka gaya masa tsoronka da bakinka, ka bar shi ya ba ka amsa, ko da amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Kada ka ɓoye masa makulli, kada ka rataye masa keke, kada ka ce boris yana teku. In kayansa na hannunka, ka gyara ka miƙa masa.